Yadda Ake Rarrabe Dazukan Finyon da Junifa a Busassun Tuddan Yammacin Amurka

Wanda ya bi hanyar mota ta jihohin Nevada, Utah, Colorado, Arizona ko New Mexico zai yi ta ganin tuddai sun yi ɗigo-ɗigo da wasu gajerun itatuwa da ba sa zubar da ganye. Iri biyu ne a haɗe: finyon, daga dangin Pinus, wanda ake cin ƙwayarsa, da junifa, daga dangin Juniperus. Da wuya su wuce tsawon mita 10. Wasu masana sun ƙiyasta faɗin wannan daji ya kai hekta miliyan 40, akasarinsa tsakanin mita 1,400 da 2,400 sama da teku, inda ruwan shekara ke tsayawa tsakanin milimita 250 da 500. Kusan abin da Tawa ko Damagaram ke samu ke nan, sai dai a can kaso mai yawa dusar ƙanƙara ce ta lokacin sanyi.

Daga nesa duk ɗaya suke, kuma nan ne wahalar aikin take. Wani tudun itatuwansa sun shekara ɗari huɗu a tsaye, wani kuma makiyaya ce da itace ya mamaye bayan shigowar shanun Turawa a wajajen 1860. Idan aka ba su suna ɗaya, magani ɗaya za a yi musu, ko a sare tsohon daji da sunan gyaran makiyaya, ko a bar makiyaya ta mutu da sunan kare daji. Shi ya sa mai rarraba wannan daji ba ya tsayawa ga itacen. Abin da ke ƙarƙashinsa da tarihin wurin su ne ke faɗin gaskiya.

Mataki na farko: aikin tebur kafin fita

Fara da tambayar da za ta ja ragamar sauran: rarrabawar ta mece ce? Taswirar gandun daji ake so, ko shawarar inda za a rage itace, ko sanin inda tsuntsaye ke gida? Amsar ce za ta nuna zurfin da za ka yi.

Sai ka tara abubuwa huɗu: taswirar tsayin ƙasa, taswirar ƙasa ta hukumar NRCS da ke ƙarƙashin ma'aikatar gona ta Amurka, alƙaluman yanayi irin na PRISM da Jami'ar Jihar Oregon ke fitarwa, da hotunan sama, sababbi da tsofaffi. Tsofaffin sun fi daraja. Hoton jirgi na shekarun 1950 zai nuna maka inda babu itace a lokacin, alhali yau ya cika.

Da waɗannan za ka yanka yankin gida-gida bisa tsayi, fuskar gangara da irin dutse. Gangarar da ke kallon arewa ta fi sanyi da laima, don haka finyon kan sauko ƙasa sosai a wannan ɓangaren, ta kudu kuma junifa ce ke riƙe da ita. A kowane gida ka sa kwamfuta ta zaɓo maka wuraren awo ba tare da son rai ba. Idan ƙafa aka bar wa zaɓi, inda ke kusa da mota za ta kai ka.

Kada ka manta da izini. Yawancin wuraren nan na hukumar BLM ne, mai kula da filayen gwamnatin tarayya, ko hukumar gandun daji, ko wuraren shaƙatawa na ƙasa, ko kuma ƙasar 'yan asali kamar ta al'ummar Navajo, kuma kowanne da takardarsa. Dajin cike yake da kufan mutanen da. In ka ga fasassun tukwane a ƙasa, bar su inda suke, ka matsar da ramin gwajinka. Dokar kare kayan tarihi ta 1979 ba ta wasa.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Ciyawa ba ta ganuwa sai ta fitar da kai. A yankin Great Basin, wato Nevada da yammacin Utah, ruwa na lokacin sanyi da bazara ne, don haka Mayu da Yuni suka fi. A New Mexico da kudancin Arizona kuwa akwai ruwan sama daga Yuli zuwa Satumba, ciyayinsu sai ƙarshen Agusta suke nuna kansu. Wanda ya je New Mexico a Mayu zai rubuta ƙasa tsirara a inda ciyawa za ta rufe bayan wata uku.

Mataki na uku: kafa fegi da bayanin wuri

Fegi mai mita 20 sau 20, wato murabba'in mita 400, shi aka fi amfani da shi a irin wannan daji. Inda itace ya yi nisa da juna, mita 20 sau 50 ya fi. Sharaɗin shi ne fegin ya zauna cikin wuri iri ɗaya. Kada rabinsa ya hau fako rabi ya faɗa kwari. Buga turaku a kusurwoyi, ɗauki lambar wurin da na'urar GPS, ɗauki hoto ta fuskoki huɗu.

Rubuta tsayi, ƙarfin gangara, fuskar da take kallo, da matsayin fegin: ƙoƙuwar tudu ne, ko tsakiya, ko gindi. Sannan ka haƙa ɗan rami. Abin da ake nema shi ne nisan da ke tsakanin saman ƙasa da dutse, da ko ƙasar yashi ce ko laka, da yawan tsakuwa. Ɗiga ɗan ruwan asid mai rauni a kan dunƙulen ƙasa. In ya yi kumfa yana tsuwwa, akwai farar ƙasa a ciki, kuma wannan kaɗai na iya canza tsiron da ke wurin.

A ƙasar yashi ta tudun Colorado, wanda ya ratsa jihohin Utah, Colorado, Arizona da New Mexico, za ka ga wani baƙin ɓawo mai ƙuraje-ƙuraje tsakanin itatuwa. Rayayye ne, haɗin ƙananan halittu ne da ke riƙe ƙasa, kuma in aka taka shi yakan ɗauki shekaru bai warke ba. Ƙiyasta yawansa ka rubuta, kuma ka bi ta kan duwatsu gwargwadon iko.

Mataki na huɗu: tantance itacen

Ja reshen finyon ka duba gindin ganyensa, siraran nan masu tsini. In ɗaiɗai suke fitowa, kowanne mulmulalle, Pinus monophylla ne, na Great Basin. In bibbiyu ne a ɗaure, Pinus edulis ne, na tudun Colorado da New Mexico, wanda shi ne itacen alamar jihar New Mexico. In uku-uku ne, ka kusanci iyakar Meziko, inda dangin Pinus cembroides suke. Kada ka yanke hukunci da reshe ɗaya. A inda iyakar na farko da na biyu ta haɗu akwai barbarar yanyawa, itace ɗaya ya fitar da ɗaiɗai da bibbiyu, don haka ƙirga daga rassa da yawa.

Junifa ta fi wuya. Juniperus deppeana ce kawai mai sauƙi, don ɓawonta a tsattsage yake gida-gida kamar bayan kada. Juniperus osteosperma, ta Utah, galibi gangar jiki ɗaya take yi, 'ya'yanta manya ne, in ka murje su a yatsa sai ka ji su a bushe kamar gari. Juniperus monosperma kuwa tun daga ƙasa take rabuwa rassa da yawa, 'ya'yanta ƙanana masu ɗan ruwa da danƙo, kuma namiji daban mace daban. Juniperus scopulorum rassanta sirara ne masu ɗan lanƙwasowa, tana son wuri mai sanyi da laima. A gabashin Oregon Juniperus occidentalis ce ke mulki ita kaɗai, ba finyon.

Kauri a gindin itace ake auna shi, daidai inda ya fito daga ƙasa, ba a daidai ƙirji ba kamar yadda ake yi wa dogayen itatuwan katako, don waɗannan sun riga sun yi rassa kafin su kai ƙirji. Haka hukumar ƙididdigar dazukan Amurka ke yi. Rubuta matattu ma, na tsaye da na kwance, ka ƙirga ƙananan da ke tasowa. Leƙa ƙarƙashin gajerun itatuwa, don 'ya'yan finyon a inuwa suke tsira.

Mataki na biyar: auna abin da ya rufe ƙasa

Hawa uku ake aunawa dabam-dabam: manyan itatuwa, gajerun itatuwa, da ciyawa haɗe da sauran ganyaye.

Na biyun farko, shimfiɗa tef ɗin awo a miƙe, ka rubuta inda kan kowane itace ya fara rufe tef da inda ya ƙare. Misali, in tef mita 50 ne kuma jimillar inda finyon ya rufe mita 12 ce, rufinsa kashi 24 cikin ɗari ke nan. Wannan dabara ta Canfield ce, tun 1941, kuma har yau ba ta tsufa ba. Yi layi uku ko fiye a kowane fegi.

Na ciyawa, ana amfani da ɗan firam na santimita 20 sau 50 wanda Rexford Daubenmire ya fito da shi a 1959. Ajiye shi a tazara daidai a gefen tef, ka sa kowane tsiro cikin ɗaya daga aji shida: 0 zuwa 5, 5 zuwa 25, 25 zuwa 50, 50 zuwa 75, 75 zuwa 95, da 95 zuwa 100 cikin ɗari. Wajen lissafi tsakiyar ajin ake ɗauka, wato 2.5, 15, 37.5 da sauransu. In kuna da yawa a aikin, ku yi ranar farko kuna ƙiyasi tare har idanunku su daidaita, in ba haka ba bambancin da zai fito a lissafi na ma'aikata ne ba na daji ba.

Bayan firam, zagaya fegin kaf ka rubuta duk tsiron da bai faɗo ciki ba. Wanda ba ka sani ba, tsinko shi da furensa, matse shi tsakanin jaridu, ba shi lamba.

Wasu tsirrai sun fi wasu magana. Artemisia, dangin tazargade, ita ce babbar shaida a Great Basin: Artemisia tridentata na nuna ƙasa mai ɗan zurfi, Artemisia nova kuma, gajera mai duhun ganye, na nuna ƙasa marar zurfi mai farar ƙasa. Ciyawar Bouteloua gracilis alamar ruwan tsakiyar shekara ce. Quercus gambelii na nuna ka hau sama inda laima ta ƙaru, kusa da iyakar dajin Pinus ponderosa. Coleogyne ramosissima kuwa na cewa ka sauko bakin hamada. Bromus tectorum baƙuwar ciyawa ce daga ƙetare, mai bushewa da wuri ta zama makamashin gobara. Rubuta yawanta da kyau, amma kada ka raɗa wa daji suna da ita, don ba ta faɗin halin ƙasar, tana faɗin abin da ya sami ƙasar ne.

Mataki na shida: karanta tarihin wurin

A ganina nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin sakaci, don ba ya shiga jadawali cikin sauƙi.

Fara da siffar itace. Matashin junifa kansa a tsuke yake da tsini, rassa har ƙasa, ɓawo siriri. Tsohon da ya haura shekara 150 kansa ya baje ko ya yi zagaye, ɓawonsa ya yi kauri yana saɓulewa zare-zare, wani sashen jikinsa ya mutu ya yi fari fat yayin da ɗaya sashen ke da ganye, ga manyan rassa a murɗe kusa da ƙasa. Girma ba shekaru ba ne. A kan fako za ka iya samun itacen da bai fi tsayinka ba alhali ya girmi kakannin kakanninka. In kana da abin huda itace na zaro siririn ɓargo, huda finyon, don zoben da cikin itace ke ƙarawa kowace shekara ya fi karantuwa a jikinsa. Junifa takan yi zoben ƙarya, wata shekarar kuma ta tsallake.

Sai ka dubi ƙasa. Akwai manyan gumagumai da suka daɗe a kwance? Alamar daji ya daɗe a wurin ke nan. Akwai ƙonannun kututture? Gobara ta taɓa ratsawa. Akwai kututture mai saran gatari, ya yi furfura saboda daɗewa? To, ka yi hattara. A tsakiya da gabashin Nevada, zamanin haƙar azurfa, an share tuddai da dama don yin gawayin narka ma'adini. Manyan murahun dutse shida na Ward, kusa da garin Ely, da suka yi aiki daga 1876 zuwa 1879, suna nan tsaye har yau. Matasan itatuwa a irin wannan wuri ba mamaya suka yi ba, gida suka dawo. Haka nan inda ka ga itatuwa a tuge, duk sun kwanta fuska ɗaya: aikin katafila biyu ne da suka ja ƙatuwar sarƙar jirgin ruwa a tsakaninsu, abin da aka yi ta yi a shekarun 1950 da 1960 don buɗe makiyaya.

Da waɗannan shaidu za ka sa fegin cikin ɗaya daga rukuni uku da William Romme da abokan aikinsa suka tsara a 2009. Na farko daji mai ɗorewa: galibi ƙasa marar zurfi mai duwatsu, ciyawa kaɗan, gobara sai an daɗe. A Mesa Verde da ke Colorado an sami irinsa da ya haura shekara 400 wuta ba ta ci shi ba. Na biyu fili mai ciyawa da itace jefi-jefi, wanda ya fi yawa inda ake ruwan tsakiyar shekara. Na uku wurin gajerun itatuwa irin su Artemisia, inda manyan ke ƙaruwa su ragu gwargwadon yanayi da gobara.

In na uku ne, ko wurin da itace ke shiga sabo, sai ka faɗi matakin da mamayar ta kai, bisa tsarin Richard Miller da abokan aikinsa na 2005. A mataki na ɗaya itace na nan amma gajerun itatuwa da ciyawa ne ke mulki. A na biyu sun yi kunnen doki. A na uku itace ya ƙwace wurin, na ƙasa sun mutu ko suna mutuwa.

Ga tarkon da ke nan. Mataki na uku na mamaya da tsohon daji mai ɗorewa duka ƙasansu tsirara ce, a takardar awo lambobinsu kusan ɗaya. Abin da ke raba su yana ƙarƙashin ƙafarka: busassun ƙarare masu launin toka na matacciyar Artemisia, a tsaye ko a karye tsakanin itatuwa. In suna da yawa, ƙasar na da zurfi, itatuwan kuma duk sa'o'in juna ne masu tsinin kai, makiyaya ce da aka cinye. In babu su, ga dutse a fili, ga tsofaffi da matasa a cakuɗe, daji ne tun asali.

Mataki na bakwai: lissafi

Zuba komai a jadawali, kowane fegi layi ɗaya, kowane tsiro gurbi ɗaya. Gyara sunaye tukuna, don tsiro ɗaya na iya shigowa da tsohon suna da sabo. Cire waɗanda suka bayyana a fegi ɗaya ko biyu kacal. Sannan ka rage ƙarfin manyan lambobi, misali da ɗaukar tushen murabba'i, in ba haka ba finyon da junifa za su danne kowa, kwamfuta ta ce maka duk fegin ɗaya ne.

Auna nisan kamanni tsakanin fegi da fegi da ma'aunin Bray da Curtis, ka sa manhaja ta tara masu kama da juna. Manhajar R kyauta ce, ƙunshinta mai suna vegan na yin wannan duka. Akwai kuma manhajar TWINSPAN da Mark Hill ya rubuta a 1979, wadda har yanzu wasu ke so saboda jadawalin da take fitarwa. Don sanin tsiron da ke bambanta kowane rukuni, yi amfani da hanyar Dufrêne da Legendre ta 1997. Daga nan ka ɗora tsayi, ruwa da zurfin ƙasa a kan sakamakon ka ga ko rukunan na bin wani dalili.

Kwamfuta za ta ba ka rukuni ko nawa ka nema, biyar ko hamsin. Kai ne za ka yanke. Rukunin da ba za ka iya tsayawa a cikinsa ka gane shi da ido ba, ko wanda fegi biyu ne kawai suka tsaya masa, haɗe shi da maƙwabcinsa ko ka koma ka ƙaro awo.

Mataki na takwas: raɗa suna

Kafin ka ƙirƙiro suna, duba tsarin rarraba tsirrai na ƙasar Amurka, wanda aka kafa a 1997 aka sabunta a 2008. Hawa takwas ne da shi, daga babban fasali zuwa mafi ƙanƙanta, kuma yana raba wannan daji ta yanki: na Great Basin, na tudun Colorado, na kudancin tsaunukan Rocky, da na iyakar Meziko. Sau da yawa za ka tarar an riga an bayyana abin da ka samu.

Ƙa'idar rubutun mai sauƙi ce. Tsirran hawa ɗaya ana haɗa su da gajeren layi, hawa da hawa ana raba su da karkataccen layi, a fara daga sama. Pinus monophylla - Juniperus osteosperma / Artemisia nova na nufin finyon mai ganye ɗaiɗai da junifar Utah a sama, gajerar Artemisia a ƙasa, kuma mai karatu ya riga ya san ƙasar ba zurfi. Juniperus monosperma / Bouteloua gracilis kuwa ya kai ka New Mexico tun kafin a faɗa.

Mataki na tara: mabuɗi da gwaji

Rubuta mabuɗin tantancewa mai tambaya biyu-biyu: ganyen finyon ɗaiɗai ne ko bibbiyu? Gajerun itatuwa sun kai kaza cikin ɗari ko ba su kai ba? Miƙa wa wanda bai yi aikin tare da ku ba, a kai shi sababbin wurare, a ga sau nawa zai dace. A da, shirin taswirar tsirrai na hukumar wuraren shaƙatawa ta Amurka dacewar kashi 80 cikin ɗari yake nema ga kowane rukuni a taswira. Inda ya yi ta kuskure, mabuɗin ne ke da laifi ko rukunin.

Bayanin kowane rukuni ya ƙunshi tsirran da ba sa rabuwa da shi, tsayi, ƙasa, rukunin tarihi da matakin mamaya. Waɗannan biyun na ƙarshe su masu yanke shawara ke nema. Wani tsuntsu na filin Artemisia mai rawar neman aure, da ake kira sage-grouse, wanda ake ta ƙoƙarin ceto, yana ƙaurace wa wuri da zarar rufin itace ya wuce kusan kashi 4 cikin ɗari, yayin da shuɗin tsuntsu Gymnorhinus cyanocephalus, mai binne ƙwayar finyon yana shuka dajin, shi ma yawansa ke raguwa kuma dajin ne abincinsa. Iyalan ƙabilun 'yan asali na Shoshone, Paiute da Washoe na da wuraren da suke tsintar ƙwaya tun kaka da kakanni. Layin da ka ja a taswira zai taɓa dukansu.

A ƙarshe sa shekarar awo a kan kowane bayani, ka bar turakun ƙarfe a wasu fegin don a dawo. A farin 2002 da 2003, ƙishirwa da ƙwaron ɓawo Ips confusus sun kashe finyon a faɗin kudu maso yammacin ƙasar. A wani wurin bincike kusa da garin Los Alamos na New Mexico fiye da kashi 90 cikin ɗari suka mutu, junifa kuma akasarinta ta tsira. Fegin da aka rubuta da finyon a gaba a 2001, wanda ya je a 2005 junifa zai tarar a tsaye da gawarwakin finyon a tsakani. A irin wannan wuri, rubuta sunan abin da ke raye yanzu, sannan a layi na biyu ka rubuta abin da matattun suka nuna yana nan a da, tare da adadin ƙananan finyon da ka ƙirga a ƙarƙashin inuwa.